Maganin Wani Abokina

Sau uku maigidana yana tsayawa takarar shugabancin ƙungiyar unguwarmu, sau uku yana shan ƙasa. A karo na uku ƙuri'a biyu ya samu, ɗaya tasa ce. Ya ɗauka ɗayar tawa ce, ni kuwa ban taɓa gyara masa ba.

Ba-Matsala ake ce masa a unguwa. Shekara ashirin da takwas ya yi yana tsaron sito a wani ofishi, ya yi ritaya da agogon bango da kuma tabbacin cewa babu abin da ya fi ƙarfinsa. Ya taɓa cewa zai gyara mana famfo, ba matsala. Sati guda muka yi muna ɗebo ruwa a maƙwabta.

Ni malamar kimiyya ce, ni ce kuma sakatariyar ƙungiya, saboda ba na ɓatar da littafi. Bayan faɗuwa ta uku ya ce a cikin kwalin ƙuri'a aka cuce shi. Ya tayar da jijiyoyin wuya har aka canza doka: daga yanzu babu jefa takarda. Sakatariya za ta kira kowa, ya miƙe, fuska a buɗe, ya faɗi wanda yake so da babbar murya.

"Namiji ba ya ɓuya a bayan takarda," in ji shi.

Na rubuta a shafi na goma sha ɗaya, ya sa hannu da ƙaton sa-hannunsa mai wutsiya.

Saura sati uku zaɓe ya shigo gida da buhu a kafaɗa, ya sauke a tsakiyar kicin.

"Malama, kin san abin da ke damun mazan unguwar nan?"

"Kwatar da ta toshe."

"Kin ga illar boko. Abin da ke damunsu ba a faɗarsa a taro." Ya rage murya, duk da cewa daga ni sai shi sai tukunya. "Ƙarfi. Ƙarfin maza. Duk wanda ya haura arba'in da damuwarsa yake yawo a aljihu. Zan haɗa musu magani, kyauta, a sirrance. Mutumin da ka gyara wa gida, ko a cikin wuta ka tsaya takara zai bi ka."

"A ina ka koyi haɗa magani?"

"A mota. Na zauna kusa da wani mai magani, tafiyar awa huɗu. Duk abin da ke kansa na kwashe."

"Shi shekara nawa ya yi yana koyo?"

"Shi ai ba shi da irin kaina."

Na ce mai wannan damuwa da gaske asibiti ya kamata ya je, don wani lokaci sukari ne ko hawan jini. Ya ce wa zai je ya zazzage cikinsa a gaban 'yar yarinya mai farar riga tana rubutawa? Shi abin da zai ba mutane sirri ne, wanda ko matar mutum ba za ta sani ba.

"To kai za ka fara sha?"

Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Ni? Kin taɓa ganin rijiya tana jin ƙishi?"

Shekara ashirin da biyu da aure sun koya mini wuraren da ake yin shiru. Da ya fita na zazzage buhun a kan tabarma na jera kayan. Citta, kanumfari, kirfa, dabino, zuma galan guda, sai wasu saiwoyi iri biyu da ban san su ba. Na kwashe su na zuba a shara, na cike gurbinsu da busasshen ɓawon lemo. Da ya dawo ya ɗauki ɓawon ya shinshina, ya ce wannan shi ne asirin haɗin gaba ɗaya.

Haɗin farko a kan zakaranmu aka gwada. Ya ɗura masa cokali biyu. Zakara ya taka zuwa jikin bango, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya wuni yana kallon siminti. Kaji suka zo suka zagaye shi suka koma kiwonsu.

"Ƙarfi yake tarawa," in ji maigidana.

Washegari zakaran bai yi cara ba sai da rana ta take.

Haɗi na biyu ya ɗura a kwalabe ya toshe bakinsu tam, ya jera a kan rufin ɗakin kaji don rana ta nunar da shi. Na ce masa zuma da dabino da ruwa in aka rufe su a zafi suna kumbura. Ya ce abin da ake nema ke nan. A rana ta biyar, ina cikin duba littattafan ɗalibai, na ji ƙara kamar tayar mota ta fashe. Sai ta biyu. Sai sauran suka biyo baya a jere. Zakara ya tsallake katanga, bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

Matar Tela, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta saman katanga riƙe da zanen gado da ta shanya, yana ɗigar da wani abu mai kauri.

"Baban yara, yaƙi aka fara ba a sanar da mu ba?"

"Ba matsala, Maman biyu. Ƙarfi ne ya yi yawa, kwalba ta kasa ɗauka."

"To ƙarfin ya zo ya wanke mini zane."

Ni na wanke. Na kuma ɗauka magana ta ƙare a nan. Ashe Tela yana bayan katanga ya ji. Tela ya gaya wa Wanzami, abin da Wanzami ya ji kuwa ya shiga rediyo. Kafin kwana biyu duk unguwa ta san cewa Ba-Matsala ya haɗa wani abu da kwalba ma ba ta iya riƙe shi. Maza suka fara gaishe shi daga nesa. Wasu har da cire hannu daga aljihu. Duk wanda ya tambaye shi ko shi ma yana taɓawa, sai ya ba shi labarin rijiya.

Wanzami ne ya zo duba haɗi na uku, ya ɗaga kwalba ya kalli rana ta cikinta.

"Yallaɓai, wannan ai ruwan wanke-wanke ne a ido. Magani ba kala, ba kwarjini."

Maigidana ya tafi gidan Mai Kek, wata bazawara a ƙarshen layi da ke yi wa mutane kek na taro. Ya ce ta sayar masa da kala shuɗiya. Ta miƙo 'yar kwalba kamar ta maganin ido, ta ce ɗigo ɗaya ya isa roba guda ta kwaɓi.

"Ba ni uku. Wannan na maza ne, ba na 'yan makaranta ba."

Ya juye duka ukun a tukunya. Cokalina na katako har yau shuɗi ne. Sannan ya zauna ya rubuta ƙa'ida ya manna a kowace kwalba: cokali uku safe da yamma, a riƙe a baki a ƙirga ɗari kafin a haɗiye.

"Me ya sa sai an ƙirga ɗari?" na tambaya.

"Don ya san inda ya shigo."

"Baban yara, kalar nan tana kama harshe."

"Harshe muke gyarawa?"

Kwalba talatin da ɗaya ya cika. Ranar Laraba da Alhamis ƙofar bayanmu ta ga baƙin da ba ta taɓa gani ba. Tela ya zo karɓa wa wani abokinsa da ke wani gari. Direba ya zo karɓa wa yayansa. Mai kanti ya ce wani kwastomansa ne ya matsa masa. Ban taɓa sanin mazan unguwarmu na da zumunci haka ba. Ina kicin ina yanka albasa, ina ƙirgawa.

Na ashirin da tara shi ne Hedimasta, shugaba mai ci, wanda maigidana ke son kayarwa. Ya ce jarida ya zo aro, amma ta ƙofar baya. Ya yi gyaran murya sau uku.

"Akwai wani tsohon ɗalibina da ke cikin wani hali."

"Allah sarki. Shekarunsa nawa, ranka ya daɗe? Don a san awo."

"Sa'ana ne."

Na talatin Baba Mai Agogo ne, wanda ya haura tamanin kuma kunnensa ya yi nisa. Shi ta ƙofar gaba ya shigo, yana magana kamar mai kiran wani a tsallaken kogi.

"Ni na kaina nake so! Ba ni da aboki, duk sun mutu!"

Kwalba ta ƙarshe maigidana ya ɗora a saman kabad, ya ce ta tarihi ce. Na ɗauki fensir na ja layi daidai bakin ruwan. Sabo ne na wurin aiki.

"Ƙuri'a talatin," in ji shi yana shafa ciki. "Har da ta abokin hamayya. Asabar ki zo da sabon biro."

Ranar Juma'a da safe Tela ya dawo ƙofar baya, hannunsa a kan baki.

"Abokin nan nawa ya bugo waya. Wai harshensa ya zama shuɗi."

"Alhamdulillahi, ya kama ke nan. Ka ce ya ƙara cokali ɗaya."

"Wai har da haƙora."

"Sauke hannunka mana, ba na jin ka."

"Haƙori ke damuna."

Kafin azahar mutum tara sun zo da saƙon abokansu. Maigidana ya shiga kicin ya yi tunani na minti biyu, ya fito da garin kurkum ya ƙulla musu a takarda. Ya ce a goga a baki, rawaya tana kashe shuɗi. 'Yan aji ɗaya ma na koya musu abin da ake samu in an haɗa shuɗi da rawaya. Na fara faɗa, ya ɗaga mini hannu. Zuwa yamma unguwa ta rabu gida biyu: waɗanda suka bi shawara suka koma kore, da waɗanda suka tsaya a shuɗi.

Takunkumin rufe baki ya ƙare a shagon magani. Bencin da maza ke zama suna musun ƙwallo ya yi tsit, mutum takwas a jere, kowa yana kallon takalminsa. Wanzami ya yi wa wani baƙo aski tun daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba, baƙon ya biya ya yi masa ta'aziyya.

Abin mamaki, babu wanda ya ce maganin bai yi aiki ba. Wa zai faɗa? Duk wanda maigidana ya tare ya tambaya, sai ya amsa ta cikin takunkumi cewa abokinsa ya ce abin ba a magana. Direba ya ce yayansa ya ce kamar an mayar da shi ɗan shekara ashirin. Maigidana ya ji wannan yabo sau shida. Na ga ya dawo gida yana tafe yana tunani, ya tsaya ya daɗe yana kallon saman kabad.

A daidai lokacin matan layinmu na kicin ɗina, sun zo aron abubuwan da suke da su a gida.

"Nawa ya ce mura ce," in ji Matar Tela. "Wace irin mura ce ke sa mutum ya ci abinci yana fuskantar bango?"

"Nawa ya bar mini shaida a cokali, da kofi, da rigar matashi," in ji Matar Direba.

"To ke kin ga wani amfani?"

"Na gani mana. Kwana biyu ba a yi mini faɗan gishiri ba."

Mai Kek ta ɗauki cokalina na katako ta juya shi.

"Kalata ce. Ko a duhu zan gane ta."

"Kwana nawa take yi kafin ta fita?"

"A yatsa, uku. Wanda ya riƙe ta a baki ya ƙirga ɗari kuwa, wannan sai dai ya tambayi Mahaliccinsa."

Asabar da safe maigidana ya fito daga ɗaki da takunkumi. Ya miƙo mini takarda: "Ina adana murya don jawabi." Na leƙa saman kabad. Ruwan ya sauka ƙasa da layin fensir da yatsa biyu. A kwandon shara na ga tsinken shan lemo, shuɗi ciki da waje, da takardar kurkum. Na zuba masa shayi. Ya ɗauka ya nufi bango.

Can ya dawo da wata takardar: "A matsayinki na sakatariya, ki mayar da zaɓe na jefa takarda." Na ɗauko littafi na buɗe shafi na goma sha ɗaya, na ɗora yatsa a kan wutsiyar sa-hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Ya rubuta "Ba matsala."

A ajin firamare muke taro. Maza suka zauna a kan ƙananan benci, gwiwoyi kusa da haɓa, kowa da takunkumi. Mata ashirin da huɗu suka zo, mu da ba mu taɓa wuce bakwai ba. Hedimasta ya buɗe taro da buga tebur. Da na nemi jawabin 'yan takara, ya miƙe ya rusuna ya zauna. Maigidana ya miƙe ya ɗaga dunƙulallen hannu, ya juya dama ya juya hagu, ya zauna. Ban taɓa rubuta jawabai masu sauƙi haka ba.

"Akwai wani ɗan takara?" na tambaya, don doka ta ce a tambaya.

"Akwai," in ji Matar Direba. "Mai Kek. Ita dai mun san kayanta na aiki."

Na rubuta. Na fara kira.

Mata suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, baki a buɗe, wasu har da ƙarin hamma don a gani. Da na zo kan Tela, ya miƙe ya yi wani gunaguni a cikin ƙyalle.

"Ban ji ba. Kuma doka ta ce fuska a buɗe."

Ya dubi matarsa. Matarsa ta gyara zama. Ya koma ya zauna.

"Ya ƙaurace," na faɗa, na rubuta.

Direba ya ƙaurace. Mai kanti ya ƙaurace. Wanzami ya nuna maƙogwaronsa ya ƙaurace. Ina cikin na goma sha bakwai sai ga Baba Mai Agogo ya shigo da sandarsa, babu takunkumi. Ya buɗe baki ya yi sallama. Haƙoransa uku ne, kuma duka ukun sun yi kalar rigar 'yan makaranta.

"Baba, wa kake zaɓa?" na ɗaga murya.

"Ba-Matsala zan zaɓa, in ya gaya mini yaushe abin zai fara aiki! Kwana uku ina ƙirga ɗari, ban ga komai ba sai yawan fitsari!" Ya juya ya hango shugaba. "Kai, Hedimasta! Naka ya yi? Ai na gan ka kana fitowa ta ƙofar baya!"

Hedimasta mutum ne da ba a taɓa ƙaryata shi a cikin aji ba. Ya manta, ya fizge takunkumi.

"Na ɗalibina ne!"

Leɓensa kore, harshensa shuɗi. Matarsa, wadda ke layin gaba, ta sa tabarau ta dube shi da kyau.

"Sannu, ɗalibi," ta ce.

Daga nan abin ya ɓalle. Direba ya yi dariya har takunkuminsa ya zame, matarsa ta ce a gaida yaya. Kowa ya shiga nuna bakin ɗan'uwansa da nasa bakin a buɗe. Baba yana ta tambayar ko an fara raba wani ne. Sai Wanzami ya hau kan benci, shirun kwana biyu ya taru masa.

"Jama'a, da gangan ya yi! Ya shafa mana alama don ya tona mana asiri gaban iyali! In magani ne na gaskiya, me ya sa shi bai sha ba?"

"Ya ce shi rijiya ne!"

"To yau za mu ga zurfinta!"

Maza suka fara tasowa. Maigidana ya ja da baya har ya jingina da allo. Ƙofa ɗaya ce, kuma Tela ya tsaya a bakinta riƙe da takalmi. Na buga biro a tebur na kira suna na gaba, wanda ya zo daidai nasa.

"Ka miƙe, fuska a buɗe, da babbar murya."

Ya dube ni. Ya dubi takalmin Tela. Ya sa hannu a hankali ya cire takunkumin.

Shi ya haɗa duka biyun, shuɗi da kore, har da ɗigo a gemu.

Wanzami ya sauko daga benci. Tela ya mayar da takalminsa ƙafa. Mai Kek ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ikon Allah. Ashe rijiyar ma da guga take yawo."

"Gwaji na yi," in ji maigidana. "Don lafiyar jama'a. Ba ma—" Bai ƙarasa ba, dariya ta danne shi. Ya jira ta lafa, ya gyara hula, ya zaɓi kansa da babbar murya kamar yadda doka ta ce.

Baba ya janye ƙuri'arsa har sai ya ga aiki. Sauran maza, tunda babu sauran abin ɓoyewa, suka bi matansu. Hedimasta ma Mai Kek ya zaɓa, bayan an taka masa ƙafa.

Sakatariya ce ke zaɓe a ƙarshe. Na rufe biro na miƙe. Yana tsaye shi kaɗai a jikin allo, alli a kafaɗarsa, takunkumi a hannu, yana kallona da tabbacin mutumin da ya san ko duniya ta ƙi shi yana da ƙuri'a ɗaya a gida.

"Ba-Matsala," na ce.

Mai Kek hamsin da biyu. Hedimasta babu. Maigidana biyu, kamar bara. A wannan karon ɗayar tawa ce.

Kwana tara bayan haka aka yashe kwata. Sabuwar shugaba ta kuma gayyato wani likita ya yi wa maza bayani a ajin nan, ƙofa a rufe. An ce duk sun je, kowa a madadin abokinsa.

Amma a ranar zaɓen, muna tafe gida, ni da littafi shi da takunkumi, muna wuce shagon Wanzami ya juyo gare ni.

"Kin gani ko? Ƙuri'ata ba ta ragu ba. Kuskure ɗaya na yi, na manta mata sun fi fitowa zaɓe." Ya rage murya. "Malama, kin san abin da ke damun matan unguwar nan?"

"Na sani," na ce. "Wuce mu je ka wanke baki."